Saɓanin Agogo Tsakanin Na'urar Sauti da Kwamfuta a Gidajen Rediyon Karkara

A gundumar Dakoro da ke arewacin jihar Maradi, inda manoma da makiyayan kwarin Tarka suka dogara da rediyo wajen jin farashin hatsi da cigiyar dabbobi da sanarwar allurar rigakafi, mafi yawan muryoyin da ke fitowa daga akwatin rediyo a yau sai sun bi ta cikin kwamfuta. Muryoyin kuwa ba daga tushe ɗaya suke ba: akwai hirar da wakili ya ɗauko da rakoda a kasuwa, akwai saƙon murya na WhatsApp, akwai kuma shirye-shiryen da ake aikowa daga Yamai, irin waɗanda Studio Kalangou ke rarraba wa gidajen rediyo abokan hulɗarsa tun 2016. Kowane ɗayansu na zuwa da nasa ma'aunin, kuma daga nan ne wata matsala ke tasowa wadda sau da yawa ake ɗora laifinta a kan makirufo ko lasifika.

Kwamfuta ba ta adana sauti a dunƙule. Auna ƙarfinsa take yi sau dubbai a kowace daƙiƙa, ta rubuta kowane awo a matsayin lamba, kuma yawan awon da ake yi a daƙiƙa ɗaya shi ake kira saurin ɗiba. Ƙa'idar da ake danganta wa Nyquist da Shannon ta nuna cewa dole ne saurin ya haura ninki biyu na sauti mafi siranta da ake son adanawa, kuma da yake kunnen ɗan Adam ba ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, sai Sony da Philips suka zaɓi 44,100 ga faifan CD da ya fito a 1982, yayin da masu bidiyo da talabijin suka tsaya a kan 48,000.

Idan aka ɗauki sauti a kan 48,000, na'ura ta karanta shi a kan 44,100 ba tare da an juya shi ba, magana takan yi nawa, murya ta yi kauri, shirin minti 30 ya koma minti 32 da daƙiƙa 39. Idan akasin haka ne, muryar dattijo sai ta sirance ta yi sauri, shirin ya ƙare a minti 27 da daƙiƙa 34. Wannan lissafi shi ne gwaji mafi sauƙi, domin duk fayil ɗin da tsawonsa ya ƙaru ko ya ragu da kimanin kashi 8 zuwa 9 cikin ɗari, to ba a rakoda ciwon yake ba. A manhajar Audacity, wadda ake samu kyauta, akwai bambanci tsakanin sauya lambar da aka rubuta wa fayil da kuma juya sautin kansa zuwa sabon sauri. Na farko yana gyara fayil ɗin da aka yi wa rubutun kuskure, amma yana ɓata lafiyayye, kuma a nan ne masu koyon aiki suka fi tuntuɓe.

Matsala ta biyu ta fi wuyar ganewa, domin takan faru ko da allunan na'urorin biyu na nuna 48 kHz, wato 48,000. Kowace na'ura tana da agogonta, wato ɗan ƙaramin dutsen kwaz mai kaɗawa wanda ke tsara lokacin kowane awo, kuma babu agogo biyu da ke tafiya daidai wa daida, balle a zafin Afrilu da Mayu, tun da zafi na ɗan sauya kaɗawar dutsen. Saɓanin kashi 50 cikin miliyan ya isa ya sa awo fiye da biyu su ɓace ko su maimaitu a kowace daƙiƙa, abin da kunne ke ji a matsayin ƙas-ƙas mai dawowa a kan tazara guda. In kuwa an ɗauki hoto da waya, sauti da rakoda, bayan awa ɗaya leɓe da murya za su rabu da kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Maganin shi ne abin da Hausawa suka daɗe da sani, cewa ba a sarki biyu a gari ɗaya: a duk inda aka haɗa na'urori da wayar S/PDIF ko ADAT, ɗaya ce za ta yi aiki da agogonta, sauran a saita su su bi ta. Inda aka haɗa da USB kuma, sai a tabbatar lamba ɗaya ce a saitin sauti na Windows da a manhajar tace sauti da a direban na'urar, wato ƙaramar manhajar da ke sada ta da kwamfuta, kamar ASIO.

Ba kowace ƙara ce ta agogo ba. Gurnani maras yankewa yawanci daga wutar janareto ko rashin wayar ƙasa yake, yankewar sauti barkatai kuwa alama ce ta kwamfutar da aiki ko ƙura suka yi wa yawa.

Abin takaici ne gidan rediyon da ke rayuwa da kuɗin katin gaisuwa ya sayi sabon makirufo saboda cutar da saiti kaɗai ke warkarwa. Ya kamata kowane gida ya tsayar da 48,000, wanda ya dace da bidiyo da kuma tsarin Opus na saƙonnin WhatsApp, ya rubuta lambar a bangon ɗakin shirye-shirye, ya juya duk fayil ɗin da ya shigo kafin a fara tace shi. Masu horar da ma'aikatan rediyon karkara kuma su sa wannan darasi cikin manhajarsu, su koyar da shi da Hausa.