Ya Bugu: To, Wa Ya Buge Shi?

'Yan'uwa, akwai wata kalma da muke ji kullum a ƙauyukan Kankara, Faskari da Sabuwa, amma ba mu tsaya mun auna ta ba. In mutum ya fito daga gidan burkutu yana tangaɗi, sai a ce "ya bugu". Da wannan bakin ne kuma muke cewa ɓarawon da ya shiga hannun jama'a ya bugu. Mashayi ya bugu, wanda aka lakaɗa wa sanda kuwa ya "sha" duka. Ashe tun kaka da kakanni Bahaushe ya ga dangantakar shan giya da shan kashi.

Samarin yanzu cewa suke yi "ya caku", ko "a cake yake", sai ka ce wanda aka soka da wuƙa. Turawan Ingila ma haka: in nasu ya yi mankas, su kan ce an sa masa guduma, ko an farfasa shi. Littafin Karin Magana 23:29-35 ya zana mana wannan mutum: raunuka ba dalili, idanu jawur, an doke shi bai ji ba, da ya farka kuma sai neman ƙari.

Abin sha ya kan sake kama, dukan dai ɗaya ne. A shekarar 2000 Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, sayar da giya a fili ya ja baya. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Duk da haka ƙwaya irin su tiramol ba ta bar aljihun yaranmu ba, ita kuwa ba ta da warin da uwa za ta ji.

Dukan ba ya tsayawa kan mai sha. Tiyar dawar da aka jiƙa don burkutu tuwon yara ce, a ƙasar da 'yan bindiga suka hana mutane da yawa zuwa gona. Sau da yawa kuma wanda ya bugu a waje, matarsa ce ke buguwa a ɗaki.

Saboda haka in ka ga ɗan'uwa a buge, kada ka yi dariya. Wanda aka doka, ɗaga shi ake yi. Kai shi gida, ka bari gari ya waye, ka koma tare da dattijon ikilisiya ku zauna da shi. Ubangiji ya taimake mu. Amin.