Hudar Mangwaro a Ƙasar Zamfara

A Turai itatuwa kan jira sanyi ya wuce kafin su yi fure. A ƙasar Hausa kuwa, sanyin ne ke sa mangwaro huda. A Kekun Waje ta ƙasar Bunguɗu, da lambunan bakin gulbi na Gusau, akan ga huda ta lulluɓe itatuwan daga Disamba zuwa Fabrairu, watau cikin hunturu. Dalili shi ne sanyin dare da bushewar ƙasa suna tsai da sabon ganye, sai itacen ya karkata ga fure.

Ya kamata a bambanta kalmomi uku. Toho shi ne sabon ganye. Huda ita ce furen da ake sa ran zai zama 'ya'ya. Fure kuwa ya game duka, Zamfarawa kuma kan ce hure, kamar yadda suke cewa hura maimakon fura.

Kaɗan ne daga cikin hudar ke ɗaurewa, domin iskar hunturu tana kakkaɓe da yawa. Saboda haka mai lambu ba ya lissafin riba sai bazara, lokacin da 'ya'yan suka nuna.