Na'urar da ke ganin kowa

A shekara ta 2011, gidan telebijin na CBS a Amurka ya fara nuna wani wasa mai suna Person of Interest. An gama shi a 2016, bayan kashi 103. Akwai masu kallonsa a jere, kashi bayan kashi, har su manta da barci. Wanda ya zauna kallonsa ba hutu, zai yi kwana uku, dare da rana.

Ga labarin. Wani attajiri, Harold Finch, ya ƙera wa gwamnati wata na'ura. Tana kallon jama'a ta kyamarorin titi, tana sauraren wayoyinsu, tana karanta saƙonninsu. Da haka take gane laifi tun kafin a aikata shi. Finch da abokinsa John Reese sukan yi ƙoƙarin hana laifin.

Mutane da yawa sun ɗauka tatsuniya ce kurum. Amma a 2013, Edward Snowden ya tona cewa wata hukumar leƙen asirin Amurka ta daɗe tana tara bayanan kiran wayar miliyoyin mutane ba da saninsu ba.

Sai gardama ta tashi. Wasu suka ce tsaron ƙasa ya fi komi. Wasu suka ce kowa na da sirrinsa, kuma ba a buɗe wasiƙar wani sai da izininsa.

Tambayoyi
1. Wane aiki na'urar Finch ke yi?
2. Me Snowden ya tona?
3. Wane ɓangare kuka goya wa baya? Don me?