'Ya'yan zogale da ruwan sha: abin da ya kamata ku sani

Mu da ganyen zogale muka saba, a kwaɗo ko a miya. Masu binciken tace ruwa kuwa 'ya'yansa suka sa wa ido. Matan ƙauyukan bakin kogin Nil a Sudan sun daɗe suna daka su su zuba a ruwa mai laka, kuma a wurinsu ne wata mai bincike, Samia Jahn, ta koyi dabarar ta rubuta ta a shekarun 1970 da 1980.

Abin da ke hana ruwan gulbi kwanciya shi ne ƙananan ƙwayoyin laka duk caji iri ɗaya gare su, sai suna ta tunkuɗe juna. Furotin ɗin da ke cikin 'ya'yan zogale cajinsa kishiyar nasu ne. Yana janyo su su dunƙule, su yi nauyi, su nitse tare da ƙwayoyin cuta masu yawa. Aikin alif ke nan, sai dai alif saye ake yi, zogale kuwa a bayan gida yake, ga jure fari. Ko tunkuzar da ta rage bayan an matse man 'ya'yan tana aiki.

Busassun 'ya'ya ake ɓarewa, a daka, a tankaɗe, a dama da ruwa kaɗan mai tsabta. Kusan ƙwaya ɗaya ta ishi lita ɗaya. A zuba a ruwan mai laka, a juya da sauri, sannan a hankali, a bar shi awa ɗaya ko biyu.

Wurin da ake yaudarar kai shi ne ganin ruwan ya yi garau. Ragowar garin abinci ne ga ƙwayoyin cutar da suka tsira, idan ruwan ya kwana sai su sake hayayyafa. Wannan matsalar ce Stephanie Velegol da abokan aikinta na Jami'ar Jihar Pennsylvania a Amurka suka tunkara a binciken da suka wallafa a 2012: suka manna furotin ɗin a jikin yashi, suka wanke sauran garin, yashin ya zama matacin da ke kama ƙwayoyin cuta ba tare da ya bar musu abinci ba.

Kafin irin wannan mataci ya iso kasuwa, wanda ya kwantar da ruwa da zogale ya tsiyaye shi, ya tafasa ko ya sa maganin kulorin, ya kuma sha a ranar.