2.4 Dangantakar Irin Okid da Fangas Wajen Tsirowa

Irin okid ya sha bamban da na sauran tsirrai. Ƙwayar gero ko ta masara tana ɗauke da guzurin abincin da za ta rayu da shi har ta fitar da ganye. Shi kuwa irin okid ƙanana ne tamkar ƙura, kuma ba shi da wannan guzuri. Saboda haka ba ya tsirowa a daji sai ya haɗu da fangas, wato wata halitta dangin fumfuna da laimar kwaɗi da ke zaune cikin ƙasa. Zaruruwan fangas ɗin kan kutsa cikin ƙwayar, ita kuma ta narkar da su, ta sami abinci. Wani masani Bafaranshe, Noël Bernard, shi ne ya gano haka a shekarar 1899.

A shekarar 1922 Lewis Knudson, masani a Amurka, ya nuna cewa ana iya tsirar da irin cikin kwalba ba tare da fangas ba, muddin aka tanadar masa sukari da sinadaran gina jiki. Wannan hanya ta yi rana wajen ceto nau'o'in da ke gab da ɓacewa.

Alal misali, a Ingila masu tara furanni sun yi ta tuge okid ɗin da ake kira Cypripedium calceolus, har aka ɗauka ya ƙare a shekarar 1917. A 1930 aka tarar da guda ɗaya tak a yankin Yorkshire, aka ɓoye wurin, aka riƙa gadinsa. A 1983 lambun Kew da ke Landan ya fara shirin raya okid. A can aka tsirar da wannan nau'i cikin kwalabe daga irin da bai gama nuna ba, sannan aka mayar da dashen daji.

Sai dai kuma a nan gizo ke saƙar. Dashen da aka rena a kwalba yana iya girma har ya yi fure, amma irin da ya zubar ba zai tsiro ba idan babu fangas ɗin da ya dace a wurin. Ke nan, adana iri kaɗai bai wadatar ba. Wajibi ne a kiyaye ƙasar da halittun da ke cikinta, domin ba za a ce an ceto wani nau'i ba sai ya iya hayayyafa da kansa.