Zaɓen samfuri a bincike

Zaɓen samfuri hanya ce da masu bincike ke bi wajen ware wasu mutane ƙalilan daga cikin jama'a mai yawa, domin a yi nazari a kansu, sannan a yi amfani da abin da aka gano a fahimci jama'ar gaba ɗaya. Mutanen da aka zaɓa su ake kira samfuri, jama'ar da aka zaɓo su daga cikinta kuwa ita ce al'ummar bincike. Ana yin haka saboda tambayar kowa da kowa na cin kuɗi da lokaci. Misalin da aka saba bayarwa shi ne na mai sayen hatsi: ba ya zazzage buhu duka, hannu ɗaya yake ɗiba ya duba. Amma idan mai sayarwa ya zuba mai kyau a sama ya ɓoye mara kyau a ƙasa, hannu ɗayan zai yaudari mai saye. Saboda haka ingancin samfuri ya fi dogara ga yadda aka zaɓe shi a kan yawansa.

Tarihi

A shekarar 1895, Anders Kiaer, shugaban hukumar ƙididdiga ta ƙasar Norway, ya gabatar da ra'ayin cewa ana iya nazarin wani ɓangare da zai wakilci jama'a maimakon ƙidaya kowa. Masana da yawa sun ƙi amincewa da shi a lokacin. A 1934, Jerzy Neyman ya nuna ta hanyar lissafi cewa zaɓen ƙuri'a ya fi zaɓen da mai bincike ya yi da hankalinsa, domin yana ba da damar auna girman kuskure.

Zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936 ya zama darasi a wannan fanni. Mujallar Literary Digest ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10, aka dawo mata da fiye da miliyan 2, ta kuma yi hasashen cewa Alf Landon zai ci. Franklin Roosevelt ne ya yi nasara a jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta samo yawancin sunayen daga jerin masu wayar tarho da masu mota, wato masu hali, kuma waɗanda suka amsa ba su yi kama da waɗanda suka yi shiru ba. George Gallup, da samfuri ƙarami sosai idan aka kwatanta da nata, ya faɗi wanda zai ci daidai.

Jerin zaɓe

Kafin a zaɓi kowa, ana bukatar jerin da za a yi zaɓen daga cikinsa, kamar rajistar ɗalibai, jerin gidaje ko taswirar unguwanni. Duk wanda ba ya cikin jerin ba shi da damar shiga bincike. Idan aka yi amfani da rajistar asibiti wajen nazarin lafiyar mata masu ciki a birnin Katsina, matan da ba sa zuwa awo ba za su fito ba, alhali ƙila su ne suka fi fuskantar haɗari.

Hanyoyin da suka dogara ga ƙuri'a

A waɗannan hanyoyi, kowane mutum a jerin yana da damar shiga da za a iya lissafawa.

Ƙuri'a zalla: ana ba kowa lamba, sai a fitar da lambobi ta kwamfuta ko ta jan takardu daga kwano. Kowa damarsa ɗaya.

Zaɓen tazara: ana raba yawan jama'a da yawan da ake bukata. Idan ɗalibai 2,000 ne kuma ana son 200, tazarar 10 ce. Sai a fitar da lambar farawa ta ƙuri'a tsakanin 1 da 10, daga nan a riƙa ɗaukar kowane na goma.

Zaɓen rukuni-rukuni: ana fara kasa jama'a bisa wani abu mai muhimmanci, kamar jinsi ko birni da ƙauye, sannan a yi ƙuri'a a cikin kowane rukuni. Masu bincike a Jihar Katsina kan yi amfani da shiyyoyi uku na sanatoci, wato Katsina, Daura da Funtuwa, domin kada wata shiyya ta ɓace a sakamako.

Zaɓen gungu: maimakon mutane ɗaiɗai, ana zaɓar makarantu, unguwanni ko ƙauyuka. Yana rage kuɗin zirga-zirga, sai dai mutanen gungu ɗaya kan yi kama da juna, don haka ana bukatar ƙarin mutane kafin a samu daidaito irin na ƙuri'a zalla. A baya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana amfani da tsarin gungu 30, yara 7 a kowanne, wajen auna yawan yaran da aka yi wa rigakafi.

Zaɓen mataki-mataki: ana haɗa hanyoyin da ke sama. A Jihar Katsina mai ƙananan hukumomi 34, ana iya zaɓar wasu ƙananan hukumomi, a cikinsu a zaɓi mazaɓu, a cikin mazaɓun a zaɓi gidaje, a cikin kowane gida a zaɓi mutum ɗaya.

Hanyoyin da ba na ƙuri'a ba

Zaɓen na kusa: mai bincike na tambayar duk wanda ya samu cikin sauƙi, kamar abokan aji ko masu wucewa a bakin kasuwa. Shi ne mafi araha, kuma shi ne mafi rauni wajen wakilci.

Zaɓen ganganci: ana neman mutane saboda wani sani da suke da shi. Mai nazarin tarihin ƙofofin Katsina ko sana'ar jima zai nemi dattawa da masu sana'ar.

Zaɓen kaso: ana ƙayyade adadi, misali maza 50 da mata 50, amma mai tambaya ne ke zaɓar wanda ya ga dama. Wannan hanya na cikin abubuwan da aka ɗora wa laifin kuskuren hasashen zaɓen Amurka na 1948.

Zaɓen sarƙa: wanda aka tambaya shi zai haɗa mai bincike da wani. Ana amfani da shi ga mutanen da ba su da rajista ko ba sa son bayyana kansu. A kimiyyar harshe, Lesley Milroy ta bi hanyar "abokin aboki" wajen nazarin maganar mutanen birnin Belfast.

Waɗannan hanyoyi suna da amfani wajen zurfafa fahimta, amma ba a ɗaukar alƙalumansu a ce su ne na jama'a duka.

Girman samfuri

A kundayen ɗalibai na makarantu irin su Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Al-Qalam, kamar sauran jami'o'in Najeriya, an fi ganin dabaru biyu: lissafin Taro Yamane na 1967 da jadawalin Krejcie da Morgan na 1970. A lissafin Yamane, idan an yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100, jama'a 2,000 na bukatar mutum 333, yayin da jama'ar Jihar Katsina, su 5,801,584 a ƙidayar 2006, ke bukatar kusan 400 kawai. Jadawalin Krejcie da Morgan na tsayawa a 384. Duka biyun an gina su ne a kan cewa ƙuri'a aka yi. Ɗalibin da ya raba takardu 384 ga waɗanda ya tarar a harabar makaranta ya cika adadi, amma bai samu wakilci ba.

Misalai daga Najeriya da Katsina

Binciken yawan jama'a da lafiya na ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙidayar Jama'a ta gudanar, ya bi matakai biyu. An kasa kowace jiha zuwa birni da ƙauye, aka zaɓi gungu 1,400 daga yankunan ƙidayar 2006, aka sake lissafa gidajen kowane gungu, sannan aka zaɓi gida 30 a kowanne, jimilla kusan 42,000. An bar wasu ƙananan hukumomin Jihar Borno saboda rashin tsaro.

Wata hanya daban ita ce ta Polly Hill, masaniya daga Ingila, wadda ta zauna a Batagarawa, kudu da birnin Katsina, a 1967. Ta zaɓi gari ɗaya ta nazarci gidajen manomansa dalla-dalla, ta kasa su rukuni huɗu bisa ƙarfin arziki. Littafinta Rural Hausa, wanda ya fito a 1972, ya nuna bambancin arziki mai yawa a tsakanin manoman gari ɗaya, saɓanin tunanin cewa duk ɗaya suke. Aikin ya yi zurfi, amma bayaninsa na Batagarawa ne kafin ya zama na ƙasar Hausa.

Matsaloli a aikace

Najeriya ba ta sake ƙidayar jama'a ba tun 2006, kuma birnin Katsina ya faɗaɗa sosai a bayan ganuwa tun daga lokacin, don haka tsohon jeri kan tsallake sababbin unguwanni. A cikin tsohon gari, gidaje da yawa ba su da lamba, kuma gida ɗaya kan ƙunshi iyalai da dama, sai mai bincike ya fayyace ko ginin yake nufi ko masu ci daga tukunya ɗaya.

Al'ada ma na da tasiri. Namiji baƙo ba ya shiga cikin gida, yana tsayawa a zaure, saboda haka idan babu mata cikin masu tambaya, maigida ne zai amsa a madadin kowa. Ana kuma neman izinin mai unguwa ko dagaci kafin a fara, amma idan shi ya nuna gidajen da za a shiga, ƙuri'a ta lalace. Almajirai da Fulani makiyaya sau da yawa ba sa cikin jerin gidaje. Tambayoyin da ake yaɗawa ta WhatsApp ko Facebook kuwa masu wayar zamani da iya karatu kawai suke kaiwa.

Rashin tsaro a ƙananan hukumomi irin su Jibiya, Batsari, Safana da Faskari na sa masu bincike su musanya ƙauyukan da ƙuri'a ta faɗa wa da wasu na kusa da titi. Ƙa'idar bincike ita ce a bayyana irin wannan musaya a rahoto, tare da adadin waɗanda suka ƙi amsawa, domin mai karatu ya san su wa sakamakon ya shafa.