MASAUKIN BAƘO A IKKO: KADA HOTO YA RUƊE KA

Daga Wakilinmu a Sakkwato

A unguwar Arkilla da ke birnin Sakkwato akwai wata majalisa inda ma'aikata sukan taru bayan sallar lisha, ana shan shayi ana taɓa hira. A can ne wani maƙwabcina, akawu a wata ma'aikata, ya ba mu labarin abin da ya same shi a Ikko. Ya sami hutunsa na shekara, ya ƙudura niyyar kai iyalinsa su ga teku, tun da yake 'ya'yansa ba su taɓa ganin ruwan da ya fi na Gulbin Rima ba. Maimakon ya kama ɗakuna a otel, sai ya nemi irin gidajen nan da ake bayarwa haya na 'yan kwanaki, da kujeru da gadaje da tukwane a ciki, waɗanda mutanen Ikko ke kira shotlet. Ya ga hoton wani a wayarsa: falo mai faɗi, labule har ƙasa, taga tana duban ruwa. Nan take ya aika da kuɗin kwana biyar.

Da suka isa, gida dai yana nan, amma tagar bangon maƙwabta take kallo. Ruwan famfo ja ne kamar na kududdufi, ana kashe janareta da tsakar dare, kuma kuɗin da ya ajiye don tsoron ɓarna bai dawo masa cikakke ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, don Allah ka rubuta wannan, kada wani ya faɗa." Wani dattijo da ke wurin ya ce masa ya gode wa Allah da ya tarar da gidan, gama akwai waɗanda suka biya, suka isa da kaya niƙi-niƙi, maigadi ya ce musu bai san zancen ba.

Wannan magana ta shafi ma'aikata da ɗalibai da yawa. Ko da yake an mai da hedkwatar ƙasa Abuja tun ran 12 ga Disamba, 1991, har yanzu hanyar Ikko ba ta mutu ba. Wani kos zai je, wani asibiti, wani karɓo mota daga tashar jiragen ruwa, wani kuwa hutu ne kawai. Kowannensu yana bukatar inda zai sa haƙarƙarinsa, kuma kuskure ɗaya yana iya cinye albashin wata guda.

DAGA FATOMA ZUWA WAYA

Saukar da baƙo na ɗan lokaci ba sabon abu ba ne a wurin Bahaushe. Tun zamanin fatauci akwai fatoma, watau mai masauki, wanda kan ba fatake ɗaki da abinci, ya adana musu kaya, ya nemo musu masu saye, sa'an nan ya sami la'adarsa. Da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912, reshensa kuma ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sai mutanen ƙasar Sakkwato suka riƙa bin sa da shanu da fatu, su komo da goro. A Agege da sauran zangunan Kudu, masu gida Hausawa ne ke tarbarsu. Wani masani daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan a 1962 da 1963, ya kuma bayyana a littafinsa na 1969 yadda masu gidan nan ke saukar da dillalan shanu da na goro, har su tsaya musu a kan bashi.

Abin lura a nan shi ne, jarin fatoma sunansa ne. In ya cuci baƙo ɗaya, kafin wata ya zagayo labari ya kai Illela da Gusau, ba mai sake sauka wurinsa. Mai gidan hayar yau kuwa bai san ka ba, bai san ubanka ba, ya kuma san da wuya ka komo. Saboda haka binciken da amana ke ɗauke wa matafiyi a da, yanzu ya komo wuyansa.

Sabon salon daga Amurka ya yaɗu. A 2007 waɗansu samari a San Francisco, wanda shi ma birni ne na bakin teku, suka shimfiɗa katifun iska a ɗakinsu suka saukar da baƙin wani taro da suka rasa wuri a otel. Daga nan kamfanin Airbnb ya samo asali a 2008. A Ikko yau ana tallan irin gidajen nan ta kamfanoni irin wannan, da kuma ta Instagram da WhatsApp, inda babu mai tsayawa tsakanin mai gida da baƙo.

Ba a ce abin ba shi da amfani ba. Magidanci mai mutum shida sai ya kama ɗaki biyu ko uku a otel, ya kuma sayi abinci sau uku a rana. A gidan haya kuwa duk suna ƙarƙashin rufi ɗaya, uwargida ta tuƙa tuwonta, yara su sake. Ɗalibai huɗu ma suna iya haɗa kuɗi su raba. Sai dai araha da kyan gani ba su ne farkon abin dubawa ba.

IKKO BA GARI ƊAYA BA NE

Tambaya ta farko ita ce, ina ne bukatarka take? Ruwa ya raba Ikko biyu. Akwai ɓangaren tsibirai, watau tsohon garin Ikko da Ikoyi da Victoria da zirin Lekki, akwai kuma ɓangaren tudu inda Yaba da Surulere da Ikeja da Agege suke. Gada mafi tsawo da ta haɗa su, wadda aka gama a 1990, ta kai kilomita 11.8, kuma da safe da yamma mutum yana iya shafe sa'o'i kafin ya ƙetare.

Mafi yawan gidaje masu ƙawa a Lekki da Victoria da Ikoyi suke. To, amma wanda ya kawo majinyaci Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko da ke Idi Araba, Surulere ko Yaba ta fi masa. Wanda zai tashi da jirgin asuba daga filin Murtala Muhammed, ya nemi Ikeja. Ma'aikacin da aka tura kos Kwalejin Horar da Manyan Ma'aikata ta ASCON ya sani a Topo take, kusa da Badagry, can yamma wajen iyakar Jamhuriyar Benin. In ya kama gida a Lekki, ya zaɓi gabas alhali aikinsa yana yamma. Mai karɓar kaya kuma ya tabbatar ko a Apapa suke, ko a Tin Can da aka buɗe a 1977, ko a sabuwar tashar Lekki da ta fara aiki a 2023, domin tazarar da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce.

Har ila yau, sunan Lekki kansa yana ruɗin baƙo. Ziri ne mai tsawo da ya miƙa daga kusa da Victoria ya wuce Ajah ya nufi Epe, kowa kuma Lekki yake rubutawa a tallansa. Kada ka yarda da sunan unguwa kawai. Nemi sunan titi da lambar gida, ka duba a taswirar waya tsawon tafiyar da ƙarfe bakwai na safe, ba da tsakar dare ba. In gidan yana kusa da tashar jirgin ƙasan cikin gari, ko na Marina zuwa Mile 2 da ya fara a 2023, ko na Oyingbo zuwa Agbado da ya fara a 2024, wannan ya fi kujerun alfarma amfani.

RUWA DA WUTA

Basakkwace ya saba tsoron zafi, bai saba tsoron ruwa ba. Ruwan saman da Ikko ke samu a shekara ya ninka na Sakkwato fiye da sau biyu, ya fi kuma tsanani a Yuni da Yuli. Yawancin Lekki da Victoria fadama ce da yashi, ƙasa ba ta da tudu. A Yulin 2017 da Yulin 2024 ambaliya ta shafe tituna a can, ta shiga gidaje, motoci suka nutse. Wanda zai je da damina ya nemi hawa na sama, ya kuma tambayi halin titin in an yi ruwa.

Ga kuma abin mamaki: garin da ruwa ya kewaye, ruwan amfani ne matsalarsa. Rijiyoyin burtsatse a wurare da yawa na Lekki sukan ba da ruwa mai tsatsa ko gishiri. Gidan kirki yana da na'urar tacewa, ko kuwa ana kawo masa a tanka. Hoto ba ya nuna wannan.

Batun wuta ma haka ne. Kusan kowane talla yakan ce akwai lantarki dare da rana. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, aka kuma ƙara kuɗin wuta a Afrilun 2024 ga unguwannin da aka yi wa alkawarin sa'a ashirin a rana, masu gidaje suka shiga tsimi. Tambayi sa'o'in da janareta ke aiki, da wanda zai sayi mai, da ko batir ɗin sola yana iya ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki, da kuma wanda zai sa kuɗi a mita in kati ya ƙare. Amsar ta zo a rubuce.

BA A CINIKIN BIRI A SAMA

Kuɗin da ke jikin talla ba shi ne ƙarshe ba. Akan ƙara kuɗin ajiyar ɓarna, da na shara, wani lokaci da la'adar dillali. A tara su duka a raba da yawan kwanaki, sa'an nan a gwada da otel. A watan Disamba kuwa, sa'ad da 'yan Nijeriya mazauna waje ke komowa ana ta bukukuwa, farashi yakan yi tashin gwauron zabo. Ma'aikacin da ke da ikon zaɓen lokacin hutunsa ya fi kyau ya kauce wa wannan wata.

Kafin ka biya, ka sa a kira ka ta bidiyo daga cikin gidan. A fara daga ƙofar waje a nuna lamba, a buɗe famfo, a ɗaga labule. Mai gaskiya ba ya ƙin wannan. Manyan kamfanonin tallan sukan riƙe kuɗin baƙo, ba su miƙa wa mai gida sai bayan ya shiga. Saboda haka duk wanda ya ce ka bar hanyar kamfani ka zuba a asusunsa zai yi maka ragi, to, garkuwarka yake so ka ajiye. Karanta abin da waɗanda suka sauka kafin kai suka rubuta, musamman masu ƙorafi. In da dillali kake hulɗa, Jihar Ikko tana da hukumar LASRERA mai rajistar masu harkar gidaje, kana da ikon neman shaidar rajistarsa.

Ranar shiga, zaga gidan tare da wakilin mai shi, ka ɗauki hoton duk abin da ya fashe ko ya tsage, domin da wannan ne akan cinye kuɗin ajiya. A rubuta ranar da za a mayar maka. Karɓi rasit, balle in kuɗin ofis ne da za a nemi ka yi bayaninsu. In an cuce ka, ana iya kai kuka ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, zamba kuwa aikin 'yan sanda ne da EFCC.

Magidanci yana da ƙarin tambaya. Waɗansu gidajen 'yan casu ne ke kama su, kiɗa har asuba. Tambayi su wa ke sauran ɗakunan, da dokar gidan game da baƙi, da masallaci mafi kusa. Duba ɗakin kwana da banɗaki ko an ɓoye kyamara. Airbnb ya haramta sa kyamara a cikin gida tun Afrilun 2024, amma dokarsa ba ta hau kan mai talla a WhatsApp ba. In akwai tafkin wanka, a sa ido a kan yara. Teku kuma ba gulbi ba ne, igiyarsa a gaɓar Ikko tana ja da ƙarfi. Dattawan da suka san Bar Beach su sani an cike wurin da yashi, ana gina sabon birnin Eko Atlantic a kansa.

WANDA AKA TASA

Akwai wani gefen maganar da baƙo ba ya gani. Duk gidan da aka mai da na hayar kwanaki, gida ne da ma'aikaci ko malamin makaranta ba zai samu ya zauna shekara ba, masu haya a Ikko kuwa sun daɗe suna kukan haka. Birnin New York ya tsaurara dokar irin wannan haya a Satumban 2023. Barcelona ta ƙasar Sifen, wadda ita ma tashar jiragen ruwa ce, ta ba da sanarwa a Yunin 2024 cewa za ta soke lasisin gidaje wajen dubu goma kafin ƙarshen 2028. Ya kamata hukumominmu su yi nazarin wannan tun da wuri, domin abin da ya fara a Ikko da Abuja ba ya daɗewa bai iso manyan biranen Arewa ba.

Da muka tashi daga majalisa, na tambayi maƙwabcin nawa ko ya haƙura da Ikko ke nan. Ya ce a'a, yara sun ga teku, suna ta roƙon a koma. Sai dai ya tuna yana da ɗan ƙanen mahaifinsa da ke sayar da albasa a kasuwar Mile 12 shekara da shekaru, wanda bai ko sanar da shi zuwansa ba. Ya ce in Allah ya kai mu baɗi, ba zai aika da ko kwabo ba sai wannan ɗan'uwa ya je da ƙafarsa, ya buɗe famfo, ya leƙa ta taga.